Wai me ke kashe mana ciniki a tallan onlayin?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Don Allah ina so mu tattauna wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, kuma ba da kowa nake ba kar wata ta ce da ita nake. Wai me ya sa mutum zai ɗauki hoton kaya mai kyau, ya ƙona datarsa ya ɗora a Facebook ko Instagram ko sitatus, ya rubuta sabon shigowa a yi sauri kafin ya ƙare, amma kuɗin kayan sai ya ɓoye? Kana tambaya nawa ne sai a ce maka duba inbok. Mutum 30 su tambaya, duk amsa ɗaya. Ni a ganina babu abin da ke korar mai saye irin wannan, don yawancin mutane ba za su bi ka inbok ɗin ba, gaba za su yi wajen wanda ya rubuta kuɗinsa a fili.

Ɗan Farm Centre: Wa alaikis salam Hajiya. Maganarki gaskiya ce amma mu ma fa muna da dalili. Mu masu waya dala muke bi, tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashi bai ƙara zama wuri ɗaya ba, ka rubuta kuɗin waya yau bayan sati biyu wani ya zo maka shago da sikirinshot ya ce ga abin da ka rubuta, in ka ce ya tashi ya ce kai mayaudari ne a gaban mutane. Na biyu kuma maƙwabcinka na layi ɗaya yana kallon shafinka, yana ganin kuɗin zai rage dubu 2 ya ɗora nasa.

Maman Ilham: To ƙanina ka rubuta farashin yau kaza ga wata kaza mana, shi kenan ka fita haƙƙin kowa. Maƙwabcin naka kuma ai ko ba ka rubuta ba yaronsa zai tura maka inbok da wata lamba ya ji. Shi bai wahala ba, mai sayen gaskiya ka wahalar.

Ɗalibar BUK: Ni ba na sayar da komai, saye nake, bari in faɗa muku abin da ke ranmu. Na farko in aka ce in zo inbok zargina shi ne za a duba hotona da yadda nake rubutu sannan a yanka min kuɗi daidai da yadda aka ɗauke ni, wata a ce mata dubu 15 ni a ce min 20. Ko ba haka kuke yi ba haka muke zato. Na biyu kunya. In na shiga na tambaya aka faɗa min ya fi ƙarfina, yaya zan fita? Sai in ce to zan yi magana insha Allah, mai kayan kuma ta dinga bina da sallama kullum safe Anti ya maganarmu. Shi ya sa in ban ga kuɗi ba ba na tambaya sam wlh, ko da kayan ya burge ni.

Alhaji na Kwari: Salamu alaikum. 'Ya'yana ku bari in sa baki. Akwai abin da ba ku duba ba. Mu a Kantin Kwari kaso mai yawa na cinikin da ake yi ta waya yanzu matan aure ne ke kawo shi, suna gidajensu a Dorayi da Rijiyar Zaki da Hotoro, su karɓi hoton atamfa da leshi da shadda a wajenmu su ɗora a sitatus, su ɗora ribarsu a kai, in an saya su turo kuɗi mu ba ɗan sahu ya kai. Ba su da jari sai wayar nan. Ranar da na rubuta kuɗin sari a fili kowa ya gani, na toshe musu hanyar abinci, don mai saye zai tsallake su ya zo wajena. Wannan shi ne dalilina, ba wai ina son wahalar da kowa ba.

Maman Ilham: Allah ya ƙara girma Baba, wannan hujja ce mai ƙarfi kuma ni kaina a cikin matan nake. Amma ai ana iya raba abin biyu. Kuɗin sari ya tsaya a guruf ɗin 'yan sari wanda ba kowa ke shiga ba, wanda za a rubuta a fili kuma ya zama kuɗin ɗai-ɗai, wanda in na sayar a kansa ni ma na samu wani abu. Kun ga mai saye ya san inda ya dosa, mu kuma ba a yanke mu ba.

Alhaji na Kwari: To wannan kam zai yiwu. Sai dai ciniki fa, mu mun saba a taya a ce albarka a ƙara.

Ɗalibar BUK: Baba ai ko an rubuta za mu taya 😊 amma dai mun san daga inda za mu fara.

Malam Mai Talla: Barkanku da yamma. Ni aikina kenan, ina haɗa wa masu shaguna talla a Facebook da Instagram, to akwai wani dalilin da ba a faɗa ba. An koya wa mutane cewa in ka ɓoye kuɗi jama'a za su cika wajen kwament da nawa nawa, wai hakan zai sa Facebook ya ƙara tura fostin ɗinka ga mutane. Eh kwament yana ɗaga fostin, ba ƙarya ba ne, amma ɗaga shi zuwa ina? Ka tara mutum 200 da suka tambaya, ka kwana kana ba su amsa ɗaya bayan ɗaya, 190 dama kuɗin ya fi ƙarfinsu, su 10 ɗin da za su saya kuma kafin ka iso kansu sun saya a wani wajen. Wanda ya ga kuɗi a rubuce kuma ya yi maka magana, wannan ya riga ya yarda da kuɗin, saura kala da inda za a kai. Sannan masu rubuta a yi layik a yi tagin mutum 5 a rubuta amin, tun ƙarshen 2017 Facebook ya sanar da cewa zai dinga danne irin wannan roƙon, amma har yau ana yi.

Ni abin da ya fi ƙona min rai shi ne bustin, wato ka biya kuɗi a tura fostin ɗinka ga mutane a matsayin talla. Mutum ya ga shuɗin maɓallin nan ya danna, bai zaɓi gari ba bai zaɓi komai ba, ya bar shi a Najeriya gaba ɗaya. Mai kek da samosa tana Tarauni amma tallanta yana yawo a Fatakwal da Ibadan, wa zai ci? Alhali akwai wajen da za ka rubuta Kano, har ka ja da'ira ka ce kilomita kaza daga inda nake, ka zaɓi shekaru, ka zaɓi maza ko mata. Kuma yana tambayarka me kake so, layik kake so ko saƙo, in ka ce layik zai nemo maka masu son danna layik ne ba masu saye ba, don shi abin da ka ce yake yi. Mai sana'a saƙo zai zaɓa, wanda in an danna zai faɗo WhatsApp ɗinsa kai tsaye.

Ummu Sudais: Malam da ni kake kenan, ni ce mai kek ɗin 😅 to amma tsakani da Allah nawa ya kamata mutum ya sa?

Malam Mai Talla: A'a Hajiya misali ne kawai. Ba zan yanke miki adadi ba don ya danganta da ribar da ke cikin kayan, amma ki fara da kaɗan na kwana 4 ko 5, hoto biyu daban, ki ga wanne ya fi kawo saƙo sannan ki ƙara masa. Ki lissafa nawa na kashe, mutum nawa suka yi magana, nawa suka biya. In ba ki rubuta wannan ba to ba ki san ko riba kike ko asara ba. Ki kuma sani tun Janairun 2022 ana ɗora harajin VAT kashi 7.5 a kan kuɗin tallan, sannan masu iPhone in kuka yi bustin daga cikin manhajar akwai ƙarin kashi 30 na Apple da aka fara a 2024, gara ku shiga ta burauza ko kwamfuta ku biya.

Ɗan Farm Centre: Tabɗi, wannan na iPhone ɗin mutane da yawa ba su sani ba. Malam ya batun sayen mabiya? Akwai yaran da ke zuwa mana kasuwa suna cewa za su sa maka dubu 10 a kwana ɗaya.

Malam Mai Talla: Ka rabu da su. Yawanci matattun asusu ne ko mutanen wasu ƙasashe da ba su san Hausa ba balle Farm Centre. Illar ita ce in ka yi fostin ana nuna wa wani sashe na mabiyanka, in ba wanda ya tsaya a kai sai a ɗauka abin ba shi da amfani a daina tura shi, to ka cika gidanka da waɗanda ba za su taɓa tsayawa ba. Kuma masu saye sun waye, su ga mabiya dubu 40 amma layik 12, nan take sun gane.

Anti Mai Turare: Slm. Duk na karanta. Ni a wajena farashi da bustin duk masu sauƙi ne, babbar matsalarmu hoto. Wallahi hoto ya zubar mana da mutunci mu masu sayarwa ta waya gaba ɗaya, har wanda bai ji ba bai gani ba. A ɗauko hoton abaya daga shafin wasu 'yan Dubai a ɗora, a karɓi kuɗi, sannan a kai wa tela ya kwaikwaya da yadin da ya samu. Ko a sa wa atamfa filta har ruwan toka ya koma shuɗi, a yi wa amarya anko da ita ƙawaye 20 su biya, kaya su zo kala daban. Ko shadda 'yar China a rubuta Getzner, alhali in ka faɗi gaskiya akwai masu sonta a kuɗinta, ba kowa ke da kuɗin Getzner ba. Mace ɗaya in aka yi mata haka ba ke kaɗai za ta daina saye a wajenki ba, a gidan biki za ta ba da labari, a makarantar Islamiyya za ta ba da labari, ta ce ni na daina sayen kayan onlayin, kin ga har ni mai turare ta shafe ni.

Ni abin da nake yi, tunda ƙamshi ba ya shiga hoto, sai in nuna girman kwalbar a hannuna don kar a zaci babba ce, in faɗi abin da ke ciki, in faɗi ko mai sanyi ne ko mai ƙarfi, na kaya ne ko na ɗaki ko na tsugunno, in kuma humra ce in faɗi ko tana taɓa farin kaya. Sannan ina da ƙananan kwalabe na gwaji masu araha, mutum ya fara da shi in ya yi masa ya dawo. Masu yadi kuma ku fita tsakar gida da hantsi ku ɗauki bidiyo a hasken rana kuna juya shi, ba a ƙarƙashin farin ƙwan shago ba.

Alhaji na Kwari: Hajiya kin faɗi gaskiya. Fitilar shago tana canza kala, mu kanmu in mai saye ya zo yakan ce a fito masa da ita waje ya gani.

Ɗalibar BUK: Anti Allah ya saka da alheri. Ƙari a kan haka, masu takalma da dogayen riguna don Allah ku dinga rubuta sayiz ɗin da ke akwai. Sai an gama ciniki an tura kuɗi sannan a ce ai 39 ya ƙare sai 41, ki karɓa haka ko ki jira wani satin.

Mai Kai Saƙo: Ni ne nake shan zagin ai, don ni ake gani a ƙofar gida. Ina roƙon masu kaya abu biyu. Ku faɗa wa mutum kuɗin kai kaya tun kafin ya biya, daga Kwari zuwa Fagge ba ɗaya yake da Kwari zuwa Janguza ko Mariri ba, amma sai a ce masa delibari ba yawa, in na je na faɗi kuɗina ya ce shi ba a yi haka da shi ba, in tsaya a rana ina kiran mai kaya ba ta ɗauka. Na biyu alƙawarin lokaci. Kar ki ce wa mutum yanzun nan zai iso alhali ko ɗaure kayan ba ki yi ba, ni kuma ina Sabon Gari cikin cunkoso. Masu webil zuwa wasu garuruwa su ma haka, a kai kaya tashar Unguwa Uku a ba direba, ba a turo wa mai kaya lambar direban ba, ba a rubuta lambarsa a jikin ƙunshin da kyau ba, kaya su kwana biyu a tasha ana neman juna. Talla ta yi kyau, an samu mai saye, a nan ƙarshe ake ɓata komai.

Ummu Sudais: Nawa ƙorafin a kan 'yan uwana mata ne masu WhatsApp. Ki wayi gari ki ga an jefa ki guruf uku ba sallama ba neman izini, lambarki a fili maza da mata kowa na gani, kina fita a sake mayar da ke, in kin yi magana a ce ba kya son ci gaban 'yar uwarki. Haba. Sai kuma sitatus, mutum ɗaya hoto 70 a rana har layin saman nan ya koma ɗige-ɗige, wa zai kalla? Data ta yi tsada, tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a farkon 2025 kowa lissafi yake, ni dai ina ganin haka nake danne sitatus ɗin mutum in huta.

Maman Ilham: To Ummu in kaya sun zo da yawa fa? Kala 50 ce kuma kowacce da mai sonta.

Malam Mai Talla: Wannan ai WhatsApp Business ya magance shi Hajiya, kuma kyauta ne, tun 2018 yake. Akwai katalog a ciki, ki jera kayan duka kowanne da hotonsa da kuɗinsa da bayaninsa, suna nan ba sa gogewa, shi kuwa sitatus awa 24 ne ya tafi. Sai ki ɗora 5 ko 6 mafi kyau a sitatus ki ce sauran suna katalog. Akwai saƙon maraba, akwai wanda zai amsa da kansa in kin rufe ya ce za a buɗe ƙarfe kaza, akwai alamar da za ki maƙala wa wanda ya biya da wanda ake jiran kuɗinsa. Wani abin kuma da ba a gane ba, sitatus ɗinki ba mai gani sai wanda ya adana lambarki ke ma kika adana tasa, haka burodkas ma, wato tura saƙo ɗaya ga mutane da yawa lokaci guda, mutum 256 yake ɗauka amma wanda bai adana lambarki ba saƙon ba zai je masa ba. Sai mace ta tura ta zauna tana jira ta ce an yi mata shiru, alhali rabi ba su samu ba. Duk wanda ya saya ki roƙe shi ya adana lambar, ya fi jefa shi guruf.

Alhaji na Kwari: Ni abin da ke ba ni mamaki da yaran yanzu shi ne rashin amsa magana. Mutum ya yi maka sallama da safe ka amsa bayan isha, kuma ana ganinka a kan waya. Da a shago ne wani ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, za ka bar shi a tsaye ka ci gaba da hira? Mu da muka taso a gaban iyayen gidanmu ko abinci kake ci sai ka ajiye ka ce sannu da zuwa, ka ba shi wajen zama, ko bai saya ba ka ce Allah ya kawo ka gobe. Wayar nan ita ce ƙofar shagon yanzu. In ba za ka iya ba ka ɗauki yaro mai hankali ka ba shi, amma mai hankali fa, ba wanda zai amsa wa dattijuwa da eh ko a'a kawai ba.

Ɗan Farm Centre: Baba gaskiya ne amma wasu masu tambayar ma sai haƙuri, mutum ya sa ka ɗauki bidiyon waya gaba da baya, ka nuna masa batir ka nuna kyamara, awa guda, ƙarshe ya ɓace ko na gode babu.

Alhaji na Kwari: Ɗana a kasuwa ma haka ne, ana sa mu sauke turmi 20 a tafi ba a saya ba, mu ninke mu mayar. Cikin sana'ar ne.

Anti Mai Turare: Shi ya sa habaicin nan na sitatus yake ba ni haushi. Masu tambaya ba saye Allah ya shirye ku, in ba ki da kuɗi kar ki ɓata min lokaci, kayana ba na talaka ba ne. Subhanallah. Wadda ba ta da shi yau gobe tana da shi, kuma wadda ke da kuɗin ma in ta karanta haka sai ta ji tsoron yi miki magana. Haka in an kawo ƙorafi a kwament, maimakon a ba da haƙuri a gyara a gaban kowa sai a goge a yi wa mutum bulok, shi kuma ya tafi wani guruf ɗin da sikirinshot inda ba ki da bakin kare kanki. Da kin amsa a wajen kin ce ki yi haƙuri turo lambarki a canza miki, duk mai karantawa zai san in ya samu matsala ba za a gudu a bar shi ba.

Ɗalibar BUK: Da masu ɗora hirar kwastoma a matsayin shaida ba su rufe suna da lamba ba. Har rasit ɗin tiransifa da cikakken sunan mutum da bankinsa. Wata ma kayan mata ta saya a ɓoye sai ta ga sunanta a sitatus, ina amana a nan?

Malam Mai Talla: Wannan bayan rashin amana ma akwai doka, an sa hannu a dokar kare bayanan mutane a 2023. A nemi izini, a rufe suna da lamba. Tunda an taɓo kayan mata, masu maganin gargajiya da na ƙiba da na rage tumbi da mayukan gyaran fata ku ji tsoron Allah da alƙawarin da kuke yi, magani ɗaya ya warkar da sikari da hawan jini da olsa da rashin haihuwa cikin kwana 7? Akwai wanda zai ajiye maganin asibiti saboda maganarku. Ba lambar NAFDAC ba komai. Kuma Facebook da Instagram suna ƙin karɓar irin wannan tallan, suna iya rufe asusun tallan mutum a kansa.

Ummu Sudais: Ya kuke gani game da ba 'yan TikTok da 'yan fim talla? Ni ana ta ba ni shawara amma kuɗin da suke faɗa ya kusa jarina.

Ɗan Farm Centre: Yana aiki fa, na ga shagunan da suka cika saboda bidiyo ɗaya.

Maman Ilham: Yana yi wa wasu. Kai waya kake sayarwa, matasan da ke kallonsu su ne masu sayen waya, kuma ana tura ta ko'ina. Ita kek take yi da hannunta a gida, a rana guda nawa za ta iya? In mutum 500 suka yi mata magana rana ɗaya, rabi daga Zariya da Katsina da Yamai, ba ta iya amsawa ba ta iya kaiwa, ta biya kuɗi ta sayi baƙin jini. Sannan a duba waye mai tallan, Kano ce fa, akwai wanda in ya riƙe kayanki matan aure da iyayen da ke yin odar kek ɗin suna da walima ba za su so a gan su da shi ba. Da ni ce ke Ummu, mai kwalliyar amare ko mai ɗinki ta unguwarku da mata ke bi zan kai wa kek kyauta ta ɗanɗana ta faɗa da bakinta, mabiyanta ba su da yawa amma duk masu biki ne kuma suna kusa da ke.

Malam Mai Talla: Na goyi bayan haka. In kuma dole sai babban, a yi yarjejeniya a rubuce, yaushe zai ɗora, kwana nawa zai bari kafin ya goge, zai sa lambarki a rubuce ko a baki kawai. Ki kuma dinga tambayar duk wanda ya zo a ina ya gan ki.

Adimin: Muhawara ta yi daɗi, Allah ya saka wa kowa. Zan ƙara abu ɗaya saboda abin da muke gani a nan kusan duk wata, wato a wayi gari an sace WhatsApp ɗin mai sana'a ana bin kwastomominta ana karɓar kuɗi da sunanta. Hanyar ɗaya ce kullum, a kira ka a ce daga guruf kaza ne za a yi mitin ko za a raba tallafi, an turo maka lambobi 6 ka karanto, alhali da su za a shiga WhatsApp ɗinka. Kar ka ba kowa, ko da muryar wa ya zo. Ku shiga saitin ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu yau ɗin nan. Kuma kar duk kasuwancinka ya rataya a manhaja ɗaya, mun gani da idonmu gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 har Janairun 2022, kuma ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya kusan awa 6. Ku samu littafi ku rubuta sunan masu saye da lambobinsu da abin da suka saba saye.

Ɗalibar BUK: Da asusun banki don Allah. Sunan shago daban, sunan mai magana daban, a turo akawun ɗin Opay da sunan wani namiji daban a ce na ƙanina ne. Ko mai gaskiya ce sai gabana ya faɗi.

Ɗan Farm Centre: Wannan rajistar suna a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ce maganinsa, in ka yi za ka iya buɗe akawun da sunan shagon. Mu ma kuma ta namu ɓangaren kar a saki kaya da sikirinshot ko saƙon alat, sai ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna.

Mai Kai Saƙo: Saura tambaya ɗaya da ba a amsa min ba ko da yaushe. In na kai kaya mai saye ya buɗe ya ce ba wannan ya gani a hoto ba, wa zai biya ni zuwa da dawowa? Don nan ne kowa ke kashe waya.

Alhaji na Kwari: In kuskuren daga wajenmu ne, an ba da wata kala ko akwai aibi a jiki, mu za mu biya ka duka biyun kuma mu canza masa, ba musu. In kuwa abin da ya zaɓa aka kai masa ya canza ra'ayi, shi zai biya, kuma sharaɗi ba a yanka ba ba a kai wa tela ba.

Anti Mai Turare: Nawa turare ne, in an buɗe kwalba ba na karɓa, amma ina faɗa tun kafin a turo kuɗi kuma yana rubuce a saman shafina. In ta fashe a hanya kuwa ni ke ɗauka, in aika wata.

Ummu Sudais: To ni kek fa Baba, in ya lotse a cikin ɗan sahu kafin a isa, nawa ne ko na mai kai saƙo?

Mai Kai Saƙo: Hajiya in kin sa shi a kwali mai ƙarfi kin faɗa min kek ne, nawa ne. In kuwa a leda kika ba ni kika ce saƙo ne kawai, sai dai mu raba.